Masu Ƙirga Abin da Ke Shiga Tukunya

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ce tattara alƙaluma muke yi, sai mai tambaya ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. To ga bayani. Muna da ɗan ƙaramin kamfani a Titin Gidan Zoo a Kano, kuma aikinmu shi ne bin kasuwanni da gidaje muna rubuta farashin kaya da abin da magidanta ke kashewa: kwano nawa na shinkafa ya shiga gida a mako, nawa aka ba mai ruwa, nawa aka bari a kemis, nawa ya tafi a kuɗin adaidaita. Masu ba mu aiki malaman jami'a ne, da ɗalibai masu neman digirin dakta, da ƙungiyoyin raya ƙasa. Su ne ke rubuta takarda su yi suna, mu ne ke shan rana a Dawanau. Ba ƙorafi nake ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Aikin da na fi alfahari da shi na wani masanin tattalin arziki ne da ke bincike a kan bashin gwamnati, da hawa da saukar tattalin arziki, da yadda duk wannan ke taɓa cefanen gida. Ranar da ya fara zuwa ofis ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce a 1974 wani Ba'amurke mai suna Robert Barro ya farfaɗo da wata tsohuwar magana ta David Ricardo, wani masanin tattalin arziki na zamanin da, cewa idan gwamnati ta ci bashi maimakon ta ƙara haraji, mutane za su hango cewa harajin na nan tafe, sai su tsuke bakin aljihu su yi tanadi tun yanzu. Kafin Barro kuma, a 1957, wani masanin mai suna Milton Friedman ya ce mutum ba ya kashe kuɗi gwargwadon abin da ya samu yau, sai gwargwadon abin da yake sa ran samu a tsawon lokaci.

Na ce, "Dakta, wane magidanci ne a Kurna ko Dorayi zai rage cefane don ya ji a rediyo gwamnati ta ciyo bashi?"

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ra'ayi kowa yana da shi, ni ma ina da nawa. Alƙaluma na zo saya."

Na ji daɗin wannan amsa, don irin mutanen da nake son yi wa aiki ke nan.

Shi ɓangaren bashin ba ya buƙatar mu, a rubuce yake. Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, wanda aka kafa a 2000, yana fitar da shi kowa ya gani. A 2005, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, ƙasashen Paris Club, wato ƙungiyar ƙasashen da ke bin mu bashi, suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, mu kuma muka biya wajen biliyan 12, aka ce an sauke kaya. Zuwa ƙarshen 2022 bashin gwamnatin tarayya da na jihohi ya kai naira tiriliyan 46.25. Ƙarshen 2023 ya zama tiriliyan 97.34, ƙarshen 2024 kuma tiriliyan 144.67. Ba duka ne sabon bashi ba. Akwai naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riƙa karɓa kai tsaye daga Babban Banki, wanda a watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi takardun bashi na shekara 40. Sannan da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yunin wannan shekarar, darajarta ta faɗi, bashin dala ya kumbura idan aka lissafa shi da kuɗinmu. Wannan duk Dakta zai iya samu yana zaune a ofishinsa. Abin da ba zai samu a intanet ba shi ne abin da aka ɗora a murhu a Gwale daren jiya, kuma nan ne gwanintarmu take.

Mutane suna ɗauka tambayar cefane abu ne mai sauƙi. Ka fara da awo. Takardar da masana ke kawowa kilo take so, Kano kuwa da kwano take awo, da gwangwani, da kashi, da ƙulli. Kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, awon da aka yi wa tozo daban da wanda aka shafe, kwanon gero kuma bai kai nauyin kwanon shinkafa ɗaya ba. Kashin tumatir na ɗari biyu a 'Yankaba da safe ba shi ne na yamma ba, balle na kaka da na damina. Saboda haka kowane ma'aikacinmu da sikelinsa yake fita. Mukan sayi kashin da kuɗinmu mu auna, mu sayi ƙullin manja mu juye a kwalba mai lamba. Wannan tun ina yaro na san shi, don mahaifina ma'aunin hatsi ne a Kasuwar Rimi, kuma ni ke riƙe masa bakin buhu. Daga yadda mutum ya kama kwano nakan gane ko zai cika awo.

Nan ne 'yan araha suke ba ni haushi. Mutum ya sayi waya babba, ya buga kati, shi ke nan ya zama mai bincike. Ya karɓi aiki a rabin kuɗinmu, ya tara yara a gindin darbejiya su cike takardu ɗari kafin la'asar, ba wanda ya taka zauren kowa. An sha kawo mini irin waɗannan takardu a ce in duba, kallo ɗaya nake yi musu. Za ka ga kowane gida ya ci nama sau biyu cif a mako, kowane farashi ya ƙare da sifiri biyu, ba gidan da aka yi baƙi, ba gidan da aka yi jinya. Wace unguwa ce wannan a Kano?

Sai maganar wa za a tambaya. A yawancin gidajenmu maigida ne ke sayo hatsi, amma uwargida ce ta san abin da aka auna aka dafa. Shi zai ce maka buhu yana yi musu wata biyu, ita ta san tun a mako na shida ake cikawa da kuɗin awararta ko na adashinta, kuma ba za ta faɗa a gabansa ba. Namiji ba ya wuce zaure, don haka rabin ma'aikatanmu mata ne, matan aure masu hankali waɗanda suka san yadda ake sallama, a zauna a tabarma, a sha ruwa, a yi wa yara wasa, kafin a zaro takarda. Gidan da ke da mata biyu ko uku sai an bi ranar girki, in ba haka ba a ƙirga tukunya ɗaya sau biyu. Ga ciyayya da maƙwabta, ga kwanon almajirin gida, ga tuwon da ake kai wa tsohuwa a wata unguwa. Abincin ya fita daga gidan, amma ba mutanen gidan ne suka ci ba. Takardar da aka tsaro daga waje ba ta san da wannan ba, mu ne muke zama da mai binciken mu gyara ta kafin a fita.

Wanda ya koya mini wannan wani dattijo ne da ya yi ritaya daga tsohon ofishin ƙididdiga na tarayya, Baba muke ce masa. A ƙidayar 2006 na haɗu da shi, shi ne mai duba aikinmu, bayan nan na bi shi shekaru ina riƙe masa jaka. Allah ya jiƙansa, ba ya fara aiki a unguwa sai ya je gaban mai unguwa ya tuɓe takalmi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haraji muka zo ba, ba kuma rabo muka kawo ba." Dalilinsa shi ne, idan mutane suka zaci haraji ne za su ɓoye abin da suke da shi, idan suka zaci tallafi ne kowa sai ya zama bai ci komai ba tun jiya. Har yau da wannan kalma ma'aikatanmu ke buɗe baki. Shi ne kuma ya hana ni tambayar mutum abin da ya kashe a wata. Ka tambaye shi jiya, in ji Baba, sannan shekaranjiya, ka bi shi a hankali har kwana bakwai. Yana ɗaukar lokaci, shi ya sa masu gindin darbejiya ba sa yi.

Abu mafi wuya a aikin Dakta shi ne raba hawa da saukar da ke zuwa kowace shekara da wadda ta shafi ƙasa baki ɗaya. Hatsi yana sauka da kaka, ya hau idan damina ta yi nisa. Sukari da gero da ƙanƙara suna tashi da azumi, Kantin Kwari ta cika maƙil kafin ƙaramar salla, rago ya yi tsada kafin babba. Azumi kuma yana matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka wanda ya gwada Maris ɗin bana da na bara ba tare da duba watan Musulunci ba ya yi aikin banza. Duk takardarmu kwanan wata biyu take ɗauke da shi. Sai an cire waɗannan sannan ake ganin babbar igiyar: 2016, bayan gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30, tattalin arzikin ƙasa ya ja baya; 2020, da aka kulle Kano a watan Afrilu saboda korona, azumi ya same mu a gida, muka koma tambaya ta waya; farkon 2023 da takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin naira; sai cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Muna da littattafan farashi na Dawanau da Singa da Sabon Gari da suka ratsa duk waɗannan shekaru, kuma ba na jin akwai wani ƙaramin kamfani da zai nuna maka irinsu.

Fassara alƙaluman aikin Dakta ne, ba zan riga shi ba. Amma abin da kunnena ya ji zan iya faɗa. Ban taɓa samun magidancin da ya ce ya yi tanadi don tsoron harajin gobe ba. Wata Hajiya a Fagge da ma'aikaciyarmu ta yi wa maganar bashin gwamnati cewa ta yi, "'Yar nan, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni na mai shago ne ya dame ni." Sai dai bashin yana iso su ta wata ƙofa. Yana zuwa ta faɗuwar naira da tsadar kaya. Yana zuwa ta banki, domin lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, banki ya fi son ya ba gwamnati rance ya kwanta da ya ba mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa. Kuma gida ba ya rage ci a rana ɗaya, sauka yake yi mataki-mataki. Mai buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Nama ya ba awara wuri, gas ya ba gawayi. Littafin bashin mai shagon unguwa ya yi kauri, a sayar da akuya, a ɗage ɗinkin salla. Abinci ne ƙarshen abin da ake taɓawa, shi ya sa kasonsa a kuɗin gida ke ƙaruwa idan aka shiga matsi. Dakta ya ce wani Bajamushe, Ernst Engel, ya gano haka tun 1857. Na ce Allah sarki, da ya zo Rimi da mahaifina ya gaya masa kyauta.

Duk waɗannan matakai ba sa fitowa sai a takardar da aka cike a cikin gida. Shi ya sa idan mutum ya zo yana ce mini, "Alhaji, wane ya ce zai yi mini a rabin haka," nakan ce ya je, Allah ya ba da sa'a, araha dai ba ta ado. Mu kowace takarda tana nuna inda aka cike ta da lokacin da aka ɗauka, mai dubawa yana komawa wasu gidajen ya sake tambaya, kuma sunan magidanci ba ya fita daga ofishinmu ko wa ya nema. Ba ma karɓar aikin da aka riga aka yanke amsarsa, ba ma kuma fita gidaje a goman ƙarshe na azumi, don ba wanda zai saurare ka. Mai son a yi masa zagaye bayan salla ya zo da takardarsa tun watan Sha'aban, saboda gyaranta da gwada ta a unguwa ɗaya kawai yakan ci mako biyu.