Tambayar da Inna ta yi wa likita

Shekara biyu muna kiran ciwon Yaya shawara. Ya taso mata ne bayan haihuwarta ta uku: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ga kasalar da ko guga ba ta iya ja daga rijiya. A ƙauyenmu, can gefen Ringim, kowa ya san maganin shawara. Aka jiƙa mata saiwar rawaya, aka hana ta mai da ƙuli-ƙuli. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya sake lafawa. An auna jininta a gari, aka ce babu hepatitis B, babu C, sai hankalinmu ya kwanta. Sai da ciki ya fara kumbura muka nufi Kano.

Bayan gwaje-gwajen jini da ɗan yankin hanta da aka ɗebo da allura, likita ya ce garkuwar jikinta ce take yaƙar hantarta, ciwon da ake kira autoimmune hepatitis, har tabo ya fara kama ta. Inna tana zaune a kan benci, ta damƙe bakin mayafinta, ta ce: "Likita, ni na ba ta?"

Na san inda tambayar ta fito. Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma Gwaggo ta daɗe da ciwon maƙoƙo. Tun a mota na ji ana raɗa cewa abin na dangi ne.

Amsar da ya ba ta, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi. Wannan ciwo ba kamar sikila ba ne, inda AS ya auri AS a iya haifar SS. Abin da ake gada karkata ce kawai. A cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani rukuni da ake kira HLA, a kan kuromosom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙullin da ke ɗauke da gadon halittarmu, rabi daga uwa rabi daga uba. Aikinsa shi ne nuna wa sojojin jiki wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Wasu nau'o'insa sun fi saurin kuskure. A binciken da aka yi a Turai da Amurka, masu nau'in DR3 sun fi kamuwa tun da ƙuruciya, ciwon ya fi yi musu tsanani, ya fi dawowa in an daina magani, kuma sun fi kaiwa ga dashen hanta. Masu DR4 yakan same su ne da shekaru sun ja, magani ya fi karɓar su, sai dai sukan haɗa da wani ciwon garkuwar, irin na maƙoƙo. Amma ɗimbin mutane suna ɗauke da DR3 har su tsufa hantarsu lafiya lau. Ciwon ba ya tashi sai wani abu ya tsokano shi, wata ƙwayar cuta ko wani magani. Kuma cikin masu ciwon huɗu, kusan uku mata ne.

Abin da ya fi ci mini rai ba gadon ba ne. Tun 1950 wani likitan Suwidin, Jan Waldenström, ya bayyana wannan ciwo a jikin 'yan mata, kuma maganinsa ba baƙo ba ne: prednisolone da azathioprine. Na farkon ma akwai shi a kemis ɗin kasuwarmu, duk da ba abin sha da ka ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sai hanta ta riga ta yi tabo ake gano su, kuma Yaya ta faɗa cikinsu ne saboda shekara biyun da muka yi muna jiƙo. Da wani ya tambaye mu tun farko ko akwai mai irin wannan lalurar a gida, da mun ambaci Gwaggo.

Yanzu wata takwas ke nan. Fuskarta ta cika saboda maganin, har maƙwabta na cewa ta warke, ya kamata ta daina sha. Inna ce ke mayar musu da amsa. Ita ke ajiye ƙwayoyin a cikin kwalla, ita ke ƙirga su bayan sallar asuba. Jiya ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗin mota, ta ce in kai autarmu a auna hantarta ranar da za mu koma ganin likita, don kwana biyun nan tana yawan kukan gajiya.