Jan salatif a kan sunana

Ranar Litinin da ta wuce na isa wurin aiki da asuba, sanyi yana yankan kunne, na nufi lokata don in rataye rigar sanyi. Sai na tarar an manna jan salatif a kan takardar sunana. Harafin M aka bi ɗaya bayan ɗaya aka yi wa gicciye, na farko da biyun nan na tsakiya. Sunana Muhammad.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na daɗe a tsaye riƙe da riga, ina jin zuciyata tana tafasa. Shekara biyu da rabi ke nan ina Kolumbus, a jihar Ohayo, ina aiki a wani babban sito a bayan gari, ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana a kan addinina. Na ce to, yau ga ta nan ta zo.

Wani dattijo ɗan Somaliya da muke sallar azahar tare a bayan tulin kwalaye shi ya dafa kafaɗata. Ya ce in ɗaga kai in duba. Allon jadawalin aiki, an soke M ɗin da ke jiki. Ƙofar banɗakin maza, haka. Har injin sayar da lemo bai tsira ba. Ya ce, "Ɗana, makon Mishigan ne."

Na san da al'adar, don na ga ana yi a allunan titi kusa da jami'a. Duk ƙarshen Nuwamba, idan ƙungiyar ƙwallon Amurka (wanda ake jefawa da hannu, ana gudu da shi) ta Jami'ar Jihar Ohayo za ta kara da ta Jami'ar Mishigan, mutanen garin nan ba sa son ko ganin harafin farko na sunan abokan hamayyarsu. Tun 1897 suke wannan karawa. Tsohon kocinsu Woody Hayes, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1951 zuwa 1978, ko sunan Mishigan ba ya son kamawa, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa, kuma har gobe haka suke faɗa. Duk na san wannan. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne salatif ɗin zai iso kan wannan suna.

Na je wurin shugabar sashenmu. A nan ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Mutum kusan goma suna tsaye suna jiran a raba aiki, na buɗe baki in yi bayani, Turancin ya gudu ya bar ni. Muryata tana rawa, ina maimaita kalma ɗaya. Ina so in ce musu sunan Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma a gidanmu ko takardar da aka rubuta shi a kai ba a bari a ƙasa. Abin da ya fito bai kai rabin haka ba. Matar ta ba ni haƙuri, ta ce wasa ne. Yaron da ya yi, wanda bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya zo fuskarsa ta yi ja wur, ya rantse bai san komai ba, ya ce har na wani Mike ya soke. Na yarda da shi. Na koma na ɓare salatif ɗin da farcena a hankali, amma duk da haka ya ɗebe rabin M ɗin tsakiya. Har yanzu takardar tana nan da tabonta, kullum da safe ita nake fara gani.

Tun ranar, in na shiga ɗakin hutu sai hira ta mutu. Suna gaishe ni da ladabi fiye da da, irin ladabin da ake yi wa baƙon da ake jiran ya tashi. Wallahi wannan ya fi salatif ɗin ciwo.

Ga shi kuwa ina son wasan nan, so na gaske. Shekarata ta farko, 2022, a wannan ɗakin hutun na kalli Mishigan ta zo har gida ta ci mu 45 da 23. Ban fahimci komai ba a lokacin, na dai ga wani Donovan Edwards ya tsinke da gudu sau biyu, yadi 75 da yadi 85, ba wanda ya taɓa shi, na kuma ga ƙaton mutum mai jikoki yana share hawaye. Daga nan na fara bin abin da dare a YouTube, ina tsayar da hoto ina mayarwa baya, har na gane cewa jifan nan mai ban sha'awa da ido ke bi ba shi ne tushen wasan ba. Tushen yana wurin ƙattin nan da ke durƙusawa fuska da fuska kafin a saki ƙwallo.

Gobe Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024, da ƙarfe goma sha biyun rana za a sake haɗuwa a nan Kolumbus, a filin da ke ɗaukar mutum sama da dubu ɗari. Ku kwatanta da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata inda muke zuwa ihun Sai Masu Gida, ku tuna waɗannan fa ɗalibai ne. Garin nan kaf ya gama cin wasan tun kafin a buga. Ohayo ta ci goma ta faɗi ɗaya, shi ma da maki ɗaya tal a hannun Oregon, 32 da 31. Mishigan ta ci shida ta faɗi biyar. Kocin da ya ɗauko musu kofin ƙasa a watan Janairu, Jim Harbaugh, ya tafi ƙungiyar ƙwararru, manyan 'yan wasansu da yawa sun bi sahu, kuma bana mutum uku suka gwada a gurbin mai jefa ƙwallo. Mu kuwa muna da Will Howard yana jefa wa Jeremiah Smith, yaro ɗan shekarar farko da ke cafke ƙwallo da hannu ɗaya kamar yana tsinkar mangwaro.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. A tsakiyar sahun tsaron Mishigan akwai mutum biyu, Mason Graham da Kenneth Grant, kowannensu ya haura kilo 130. Graham ɗan kokawa ne tun yana sakandare, kuma ana gani a yadda yake shiga ƙarƙashin mutum ya ɗaga shi. Waɗanda ya kamata su tare su a ɓangarenmu kuwa, biyu daga cikin mafi ƙarfi suna jinya. Josh Simmons ya samu rauni a gwiwa tun wasan Oregon, Seth McLaughlin da ke tsakiya kuma jijiyar agararsa ta tsinke a wurin atisaye cikin watan nan. An yi faci, an matsar da wannan an cike da wancan. Sau uku a jere Mishigan tana cin mu, 2021 da 2022 da bara, kuma duk ukun a ƙasa ta fi mu gudu da ƙwallo. A 2021 wani Hassan Haskins shi kaɗai ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki sau biyar cikin dusar ƙanƙara. In kocinmu Ryan Day ya ce lallai sai ya nuna musu shi ma yana da ƙarfi, ya riƙa tura ƙwallo ta tsakiyar ƙattin nan biyu maimakon ya jefa wa Smith ta gefe, to ya kai kansa inda suke so.

Ranar Laraba na kasa haƙuri na faɗi wannan a ɗakin hutu. Na yi ta shirya jimlolin a raina tun safe. Aka yi tsit, sannan wani ya yi murmushi ya ce, "Ai ku da ƙafa kuke bugawa a ƙasarku, ko?" Aka ci gaba da maganar talotalon da za a gasa washegari.

Da zan iya, da na gaya masa ɗan waye ni. Babana mahauci ne, kuma da ƙuruciyarsa ya yi dambe, yana bin garuruwa bayan kaka. Ina ɗan shekara tara ya fara ɗaukata zuwa gidan dambe, in zauna a gefensa a kan benci, kalangu yana tashi, ƙura tana shiga hanci. Kowa yana kallon hannun da aka naɗe da zare, yana lissafin wanda ɗan wasa ya kashe bara. Baba kuwa sai ya matse gwiwata ya ce, "Bar kallon hannu, kalli ƙafar baya." In ya ga mutum yana tsayuwa a kan ƙafar da ba ta da lafiya, tun kafin turmin farko zai faɗa mini wanda zai kai ƙasa, kuma da wuya ya kuskure. Ya ce wanda aka gama rainawa shi ake tsoro, don ba shi da abin da zai rasa. Abin da na gani ke nan a Mishigan, kuma ƙafar bayanmu ce ke ɗingishi.

Jiya Alhamis hutun bikin godiya ne na Amurkawa, kowa yana gidan danginsa. Na dafa shinkafa da wake, na zuba yajin da Inna ta aiko mini, wanda ya kusa ƙarewa, na kira gida. Ƙanena ya riƙe wa Baba waya, don yanzu hannunsa na dama yana karkarwa, hannun da ya yi suna da shi. Na kwashe kusan minti ashirin ina ba shi labarin Graham da Grant da facin da aka yi a sahunmu. Bai taɓa ganin wasan ba, amma ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko mai horar da namu mutum ne mai zuciya. Na ce suna cewa an sha gori a kansa. Ya ce to Allah ya kyauta, mai son huce haushi ba ya ganin ƙafa.

Ban gaya masa maganar salatif ba. Shi ya raɗa mini sunan, sunan mahaifinsa ne, shi ya sa a gida ba mai kirana da shi, Abba kowa ke cewa. Inna kuwa ko Abban ba ta faɗa, ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A nan kuma kowa yana kiransa daga nesa, wasu har su gutsure shi su ce Mo, ina amsawa.

Da ta karɓi wayar tambayarta ɗaya ce da kullum, ko ina rufe kaina da kyau. Ta ce kwanon ɗakin Baba da ya yi yoyo da damina har yanzu ba a gyara ba, kuma kafinta ya ce kuɗin ya ƙaru. Ta ce 'yar ƙanwata ta fara tafiya, tana bin kaji a tsakar gida. Na ce zan turo ƙarshen wata.

Ƙarfe goma sha biyun nan shida na yamma ne a Kano. Baba ya ce in kira shi bayan sun idar da isha'i in faɗa masa wanda ya kai ƙasa.