Lissafin awa a ƙasar Folan

Sau da yawa idan aka yi wa mutum tayin aiki irin namu a Folan, kuɗin awa ake fara faɗa masa. Wakilin kamfanin da ya ɗauke ni ma haka ya yi, ya ce zuloti 30.50, wato kuɗin ƙasar, a kowace awa. Kafin in bar Kano ƙanena ya riga ya buga shi a waya, ya ninka da takwas, ya ninka da talatin, ya mayar da shi naira, har ya fara zancen rufin ɗakin Inna. Ban ga laifinsa ba, domin a gida da wata muke auna albashi, ba mu saba da wanda ake ƙirga wa awa ba.

Wannan 30.50 ɗin ba alheri ba ne wani ya yi mini. Shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya mutum a awa a shekarar 2025, kamar yadda mafi ƙarancin albashin wata ya kasance zuloti 4,666. A 2026 an ɗaga su zuwa 31.40 da 4,806. Kuma duk waɗannan alƙaluma brutto ne, tun ba a cire komai ba.

Na fara aiki a wani babban sito a bayan garin Foznan, muna haɗa kaya a kwali. A nan na ga abin da ba a faɗa wa mutum a waya: watanni ba su da awa iri ɗaya. Mako na awa 40 ne, amma Oktoban 2025 yana da ranakun aiki 23, awa 184 ke nan, kuɗinsa 5,612. Nuwamba da ke biye da shi, saboda hutun ranar 1 ga wata da na ranar 11 ta samun 'yancin ƙasar, awa 144 kawai doka ta ƙirga masa, wanda ya kama 4,392. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, tazarar zuloti 1,220 tsakanin wata da wata. Kuma daidai lokacin ne sanyi yake shigowa, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kana bukatar rigar sanyi da takalmi na gaske.

Wannan hawa da sauka ya danganta da takardar da ka sa wa hannu. Mai umowa o pracę, cikakkiyar kwangilar ma'aikaci, idan albashin wata aka yanka masa, ko watan ya yi tsawo ko ya gajarta kuɗinsa na nan. Yana da hutun kwana 20 a shekara da ake biya, 26 idan ya cika shekara goma, in ya kwanta ciwo a ba shi kashi 80 cikin ɗari, in ya yi ƙarin awa a ɗora masa kashi 50 ko 100. Mu kuwa da yawanmu baƙi umowa zlecenie ake miƙo mana. Wannan kamar ɗan dako ne a kasuwa, abin da ka ɗauka shi za a biya ka. Ranar da aka rufe sito babu ko sisi, ranar da zazzaɓi ya hana ka fita ma haka, sai in ka nemi a riƙa cire maka kuɗin inshorar ciwo, wanda a irin wannan kwangila ba dole ba ne. Ni a ganina wannan bambanci ya fi ƙarin zuloti biyu a awa muhimmanci nesa ba kusa ba, amma shi ne abin da 'yan uwanmu ba sa tambaya.

Wata dattijuwa 'yar Yukiren da muke layi ɗaya ce ta zaunar da ni lokacin hutun cin abinci, ta shimfiɗa takardar albashina a kan tebur tana bi da farce layi-layi. ZUS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, tana ɗaukar kashi 13.71 na fansho da nakasa da ciwo. Daga abin da ya rage a cire kashi 9 na lafiya. Sai haraji na kashi 12. Ta tambaye ni ko na cike fom ɗin PIT-2, ta ce zuloti 30,000 na farko a shekara ba a biya musu haraji, kuma wannan fom ne yake sa a rage maka har 300 a harajin kowane wata, maimakon ka jira a mayar maka a shekara mai zuwa. Da haka wata mai awa 168, wanda brutto ɗinsa 5,124 ne, yake saukowa wajen 3,900 a hannu. Sabon zuwa da bai zama mazaunin ƙasar ta fuskar haraji ba, ana iya yanke masa kashi 20 kai tsaye a kwangilar zlecenie. Ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 26 kuwa ZUS ba ta taɓa shi a wannan kwangila, shi ya sa za ka ga yaron jami'a yana tsaye kusa da kai kuna aiki ɗaya, ya fi ka kuɗi a ƙarshen wata.

Lissafin shekara shi ya fi ruɗa mutane. Mutum sai ya ɗauki watansa mafi kyau ya ninka sau 12, ya ga 67,344, ya yi alkawari a kai. Alhali duk awannin aiki na 2025 guda 1,992 ne, wanda ya ba da 60,756, kuma wannan idan ba ka yi fashin ko yini ɗaya ba. Ka je gida mako biyu, 2,440 sun tafi ban da kuɗin jirgi. Ga kuɗin gadon kwana da kamfanin ke zarewa kafin kuɗin su shigo banki, ga katin bas, ga kuɗin neman katin zama a ofishin lardi.

Da na kira gida na zayyana wa ƙanena duk wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, nawa za mu sa rai da shi?" Na ce masa ya riƙe lissafin Nuwamba, wata mafi ƙarancin awa, a kansa zan yanka abin da zan riƙa aikowa, in wata ya yi albarka ƙarin ya tafi ga rufin Inna. Bayan shekara ta juya kamfani ya ba ni takardar PIT-11, mai nuna abin da na samu da harajin da aka cire mini a shekara, a watan Fabrairu, na shigar da bayanan harajina ta intanet kafin 30 ga Afrilu, aka mayar mini da abin da aka cire fiye da ƙima a watannin farko. Yanzu ina neman wurin da zai ba ni umowa o pracę, ko da kuɗin awarsa bai kai na nan ba.