Wata huɗu da fara gina wa Yayata shafin atamfa, ga inda na kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba barin abin na yi ba, aikin ne ya juya min ta inda ban zata ba, sai da na rushe kusan rabin abin da na gina na sake ɗorawa daga tushe. Ga waɗanda ba su san farkon zancen ba, Yayata tana saro atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida, duk cinikinta a WhatsApp yake, ni kuma da na ɗan fara gane HTML da CSS, harsunan gina shafin intanet, a shafin koyarwa na freeCodeCamp ina leƙa shafin bayani na MDN in na maƙale, sai na ce bari in yi mata shafi, ita ta samu masu saye ni kuma hannuna ya faɗa. Na fara ɗora shi kyauta a Netlify, masu ajiye wa mutane shafi a intanet, daga baya muka sayi suna mai .com.ng.

Na farkon da na yi gaskiya ya burge ni. Manyan hotuna guda biyar suna zagayawa a sama, rubutu ruwan gwal a kan fari, kowane abu yana shigowa a hankali in ka gangara ƙasa. A laftof ɗina komai tsaf. To ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gaida Gwaggo, ita kuma tana cikin masu sayen kayan Yaya sosai in biki ya taso, sai na buɗe mata shafin a wayarta itel na ce Gwaggo dan Allah ki nemo min atamfar da ta yi miki ki ga ko za ki iya saye ta nan, ni ba zan ce komai ba. Muna tsakar gida a kan tabarma, rana ta ɗan karkata amma da haske sosai. Ta riƙe wayar tana kallon farin sikirin, can ta ce "ɗan nan ko datar ce ta ƙare?" Na ce a'a ki ɗan jira. Da hoton ya fito ta kai yatsa za ta taɓa, kafin yatsan ya sauka wani hoton ya buɗe a sama ya turo komai ƙasa, sai ta danna wani wuri daban ya kai ta shafin tarihin shagon. Ta dawo da ƙyar. Rubutun gwal ɗin nan kuwa sai da ta kare wayar da gefen mayafi kafin ta iya karantawa. Layukan nan uku na kusurwa da muke ɓoye menu a ciki ko kallonsu ba ta yi ba, don ba abin da ya nuna mata ana taɓa su. Ƙarshe ta miƙo min wayar ta ce "to ina kuɗin? Ni ba ni lambarta kawai in kira ta."

Maganar nan ta zauna min a rai har dare. Abu biyu kacal take nema, nawa ne kuma ta ina zan yi magana da mai kaya, kuma duk biyun na binne su.

Washegari na saka adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafuka, ɓangaren waya ya fito ja wur, alamar bai yi kyau ba. A nan na fara fahimtar ma'aunai ukun da Google ke kira Core Web Vitals, kuma abin da ya ba ni mamaki duk abin da suke aunawa na riga na gan shi a hannun Gwaggo. LCP shi ne tsawon lokacin da babban abin da ke shafin yake ɗauka kafin ya bayyana, ana so kar ya wuce sakan 2.5, wato wannan farin sikirin da ta zauna tana kallo. CLS shi ne tsalle-tsallen da shafi ke yi yana cikin buɗewa, ana so kar ya wuce 0.1, shi ne ya sa ta danna inda ba ta nufa ba. Na ukun INP, saurin amsawar shafi in an taɓa shi, kar ya wuce milisakan 200, shi ne ya maye gurbin tsohon ma'aunin da ake kira FID a watan Maris na 2024, don haka in kun ci karo da darasin da ke ta maganar FID ku san ya kwana biyu.

Hotuna ne suka fi cin lokacina, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau. Yadda Yaya ta ɗauko su a waya haka na ɗora su, kowanne ya kusa megabait huɗu, ga su sun fi ashirin a shafi ɗaya, ku lissafa datar da mutum zai ƙona don kawai ya ga zani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a Squoosh, manhajar rage nauyin hoto, na rage faɗinsu zuwa fiksel 800, na mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, yawanci suka dawo ƙasa da kilobait 100. Amma fa atamfa ba kamar hoton gini ko mota ba ce, in ka matse ta da yawa ƙananan zanen sai su cakuɗe, shadda kuma ƙyallinta da ɗan zanen da ke cikin saƙar sai su ɓace ta koma kamar yadi na banza. Akwai wata shuɗiya da na matse har ta koma kamar bula mai duhu, Yaya na gani ta ce wallahi in aka saya a haka sai an dawo mata da ita an ce ta yi ha'inci. Tun daga nan na daina bin lamba ɗaya ga kowane hoto, ina ajiye turmin a gefena ina jan ma'aunin ingancin ina kwatantawa da ido har sai launin ya tsaya daidai. Ɗaukar hoton ma mun canza, da safe muke yi a inuwa, ba filasha, a shimfiɗa a kan farin zani. Sai na saka width da height a kowane hoto don brauza ta ware masa gurbinsa tun kafin ya iso, tsallen nan ya tsaya cak. Na ƙasa na sa musu loading lazy, wato kar su buɗe sai an gangaro kusa da su, na farkon ne kawai ban sa wa ba don shi ake so ya fito nan take. Masu zagayawar nan biyar kuwa na cire su gaba ɗaya.

Rubutu ya koma baƙi a kan fari, fiksel 16, don ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafi tana neman bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da bayansa, gwal ɗina bai kai ba. Fom ɗin da na sha wahalar haɗawa mai neman suna da imel na goge shi, wace mai sayen atamfa ce za ta tsaya rubuta imel. A madadinsa ƙarƙashin kowane zani akwai koren maɓalli babba, tsayinsa ya kai fiksel 48 yadda babban yatsa zai same shi, an rubuta "Yi magana da mai kaya". Mahaɗin wa.me ne, wanda ke buɗe hira a WhatsApp kai tsaye, ku tuna ana fara lambar da 234 a cire sifirin farko, kuma ana iya saka saƙo a ciki tun kafin a buɗe, to ni sunan zanin da lambarsa nake sawa, Yaya tana ganin saƙo ta san wanne ake nufi ba sai an yi ta turo hoto ana tambaya ba.

Farashi ne muka ɗan ja da ita. Ta ce kai ba ka san kasuwa ba, yau ka saro a kaza jibi ka koma Kwari ka tarar ya tashi, kuma in ka rubuta kuɗi ka kashe ciniki. Na ce Yaya gaskiyarki ne, amma Gwaggo ma da ta san ki abin da ta tambaya kenan, balle baƙuwa daga Zariya ko Maraɗi. Muka tsaya a kan za a rubuta farashi tare da ranar da aka sabunta shi, duk Asabar ta turo min canji. Har yanzu ba ta gama yarda ba, leshi masu tsada ta hana a sa musu.

Sai ɓangaren Google. Da ina ɗauka wani sirri ne daban da ake koya, har wani ya turo min saƙo wai in biya shi ya samo min ɗaruruwan mahaɗai daga wasu shafuka in hau saman sakamakon binciken Google cikin sati, ban biya ba kuma ina roƙonku kar ku biya, sayen mahaɗi ya saɓa ƙa'idar Google kuma shafin ne zai kwana a ciki. Abin da na yi ba shi da yawa. Na yi rajista a Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, na tura sitemap, wato jerin adireshin shafukanmu. Taken shafin farko da yake "Home" kawai na mayar da shi "Atamfa, shadda da leshi a Kano, hotuna da farashi". Na raba kayan, atamfa da shafinta, shadda da nata, kowanne da takensa da ɗan bayani na gaskiya, yadi nawa ne, ya take in an wanke, ana aikawa wane gari. Kowane hoto na rubuta masa alt, ɗan rubutun da ke faɗin abin da ke ciki, wanda ke amfanar makafi masu manhajar karanta sikirin kuma yana fitowa in netwok ya hana hoton buɗewa. Meta keywords, gurbin ɓoyayyun kalmomin bincike da na ɓata dare guda ina cikawa, ashe tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da shi. Kuma ku sani sigar waya ta shafinku Google ke dubawa wajen jera sakamako, sun kammala komawa wannan tsarin a 2023, don haka kyan da shafi ya yi a laftof ba shi ne abin dubawa ba.

Wani abu da darussan Turanci ba za su gaya muku ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutun, wato font, da na zaɓa da farko ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai brauza ta aro su daga wani salon, kalma kamar "kuɗi" ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da sauran kamar an yi wa riga faci. Na koma Noto Sans, kaurin rubutu iri biyu kawai na ɗauka don kar ya ƙara lodi, na tabbatar akwai UTF-8 da lang="ha" a saman shafin, alamun da ke gaya wa brauza tsarin haruffan da harshen shafin. Sannan da Search Console ya fara nuna min abin da mutane ke rubutawa, sai na ga kusan ba mai sa lanƙwasa, "kudin shadda" suke rubutawa, wasu "atampa" da p, wasu rabi Hausa rabi Turanci. Na yi ta tunanin ko in bi su in lalata rubutun, daga baya na bar Hausata daidai, sai dai a shafin atamfa na faɗa sau ɗaya cikin jimla cewa wasu na ce mata atampa, na kuma ƙara gajeren bayani da Turanci a ƙasa saboda masu saye daga kudu. Cusa kalma ɗaya sau goma a shafi ban yi ba, mutum zai karanta ya ji kamar ba da shi ake magana ba.

Ba zan ce muku mun hau saman Google ba, in ka rubuta atamfa kawai ba ka ganinmu ko kusa. Amma in an haɗa da Kano da farashi mun fara leƙowa, kuma mata biyu da Yaya ba ta taɓa sani ba sun yi magana ta maɓallin nan, ɗaya ta sayi turmi biyu aka sa mata a mota zuwa Gusau. Abin da ke gabana yanzu Google Business Profile ne, wato sa kasuwancin a taswira da binciken Google, sai dai Yaya ba ta so adireshin gida ya fito fili kuma ina ganin tana da hujja, akwai zaɓin ɓoye adireshi a nuna yankin da ake kai kaya kawai, shi nake karantawa kafin mu zauna da maigidanta. Ban kuma gwada shafin a Opera Mini ba, alhali da yawa cikin masu sayenta da shi suke shiga.

Juma'ar da ta wuce na koma wajen Gwaggo da wayar nan tata dai, a kan tabarmar nan. Ta gangara, ta tsaya a kan wata atamfa mai ruwan goro, ta karanta kuɗin da ƙarfi ta ce an yi tsada, sannan ta danna koren maɓallin ta fara yi wa Yaya saƙon murya tana neman ragi.