Abin da na gano game da ƙawanya a gindin ganuwar Istanbul

Shekaranjiya na dawo daga Istanbul, har yanzu ƙafafuna ba su huce ba. Sarin kaya ne ya kai ni, amma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda na bar kasuwa, na hau jirgin ƙasan cikin gari na sauka a Topkapi, a gindin tsohuwar ganuwa.

Ni da na saba ganin ganuwar ƙasa, sai ga ta dutse da jan bulo, hawa biyu, ta ciki ta fi ta waje tsayi, ga rami mai faɗi a gabansu. Tun zamanin Sarkin Rumawa Tiyodosiyus na Biyu aka gina ta, wajen shekarar 413. Na gangara kudu ina bin ta, sai na iske ramin ya zama lambu, ana noman latas a ciki. Wani dattijo ya yafito ni. Na ce, "Sannu Baba," ya washe baki, ashe su ma Baba suke cewa. Ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, na ciro lira, ya ture hannuna har da ɓata rai.

Da guntun Larabcinsa da nawa muka yi hira. Na tambaye shi me suke kiran abin da Sultan Muhammadu Alfatih ya yi wa birnin a 1453. Ya ce "kushatma", ya kama ɗamarar ƙugunsa ya ja ta tamau, don kalmar daga sunan ɗamara ta fito. Mutanen da, in ji shi, "muhasara" suke cewa, daga Larabci. Nan take tamu ta faɗo mini: ƙawanya, ɗan zoben ƙarfen nan da ba shi da baki. Su ɗamara, mu zobe, duk dai abin da ya zagaye ka ya hana ka sakat.

Kuma haka aka yi. Tun 1452 Sultan ya gina sansanin Rumeli Hisari a gaɓar mashigin tekun Bosforus don ya datse jiragen da ke kawo wa birnin abinci. Ya sauka a gaban ganuwa ranar 6 ga Afrilu, yana ɗan shekara 21, birnin bai faɗi ba sai 29 ga Mayu. Kwana 53! Rumawa masu riƙe da birnin sun gitta sarƙa a bakin mashigin ruwansu, shi kuwa ya sa aka ja jirage kusan 70 ta tudu aka zuba su a bayanta. Sai a lokacin zoben ya rufe.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ji an ce maharan da suka shiga ƙauye da dare suka fita kafin asuba sun "yi masa ƙawanya". Wannan hari ne, ko farmaki. Idan suka shiga suka zauna, mamaya ce. Ƙawanya sai an tsaya a waje an toshe shiga da fita, ana jiran yunwa da gajiya su yi aikinsu. Wanda aka tsare wata biyu ba hatsi ba magani, bai kamata a haɗa wahalarsa da ta dare ɗaya a kalma guda ba.

Daga nan na tari tasi zuwa unguwar Ayyub Sultan, direban ya zaga da ni ya ninka kuɗi, ko kallona bai yi ba. Takaicin ya wuce da na tsaya a kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da ya rasu a wata ƙawanyar da aka yi wa birnin nan shekaru kusan 800 kafin Alfatih. Washegari na ga guntun sarƙar a gidan tarihin soja na Harbiye. Sauran kwanakin kasuwa ce da ciniki, komai ya yi tsada, sai shayin Baba kaɗai na sha kyauta.