Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kaset ɗin Baba

A makon jiya na tsaya a inda na kafa rumfar cajin waya a bakin titin ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Maigatari, da faifan sola guda biyu da tsohuwar kwamfutar da yayana ya aiko mini daga Kano. Caji ne sana'ar, amma tura waƙa a memori shi ke kawo cefane, musamman ranar Alhamis idan kasuwar Maigatari na ci. Fatake da direbobin tirela kan tsaya su sha shayi a maƙwabcina, su miƙo waya a cika musu ita kafin su kama hanyar kudu.

Wata Alhamis da yamma wani yaron mota da ke bin tirelar shanu zuwa Legas ya ba ni memorinsa in kwashe masa abin da ke ciki zuwa sabo. Ina kwashewa na buɗe wata waƙa don in tabbata ta shiga lafiya. Mawaƙi ya fara, bai kai ƙarshen baiti ba sai murya ta ɓace, kalmar ƙarshe ta yi ta maimaita kanta tana nisa, kamar ka yi kira a bakin rijiya. Ba abin da ya rage sai ganga da wani kiɗa mai kauri da ya sa kwanon rufin rumfar rawa. Na ce masa, "Malam, wannan ta lalace." Ya ce ai haka aka yi ta, sunan kiɗan dob, daga Jamaika yake. Na roƙe shi ya bar mini kwafi.

Daren nan na ƙarar da data ina karatu. Ashe a ƙarshen shekarun 1960 masu buga faifan garmaho a Kingston, babban birnin Jamaika, suka fara sa waƙa a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar su sa kiɗanta zalla babu murya, don masu manyan lasifikoki na dandali su samu filin yin magana a kai. Da na ji yadda U-Roy, ɗaya daga cikin masu maganar nan, ke zuba zance a kan kiɗa, sanƙiran makaɗanmu ne ya faɗo mini a rai. Amma wanda ya kama zuciyata shi ne King Tubby. Sunansa na yanka Osbourne Ruddock, an haife shi a 1941, kuma asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne a unguwar Waterhouse. Ba ya kaɗa komai, ba ya waƙa. Ana kawo masa aikin da wasu suka gama, ya zauna gaban na'urar haɗa sauti mai layi huɗu, ya janye murya, ya dawo da ita, ya kashe jita, ya bar ganga ita kaɗai, ya jefa amsa-kuwwa a kan kalma guda. Duk da yatsunsa, a lokacin da faifan ke tafiya. An harbe shi a ƙofar gidansa a 1989. Na daɗe ina kallon hotonsa a waya, ina tuna cewa ni ma abin da na iya ke nan: gyaran caja da haɗa waya da waya.

A lokacin na riga na fara taɓa FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ina yi wa samarin gari rimis na waƙoƙin biki. Abin da muka sani a matsayin rimis shi ne ƙari. Ka ɗauko waƙa, ka ƙara mata gudu, ka ɗora fiyano, ka ɗora tafi, ka sa sunanka yana fita kowane minti. Wanda ya fi cika waƙa da kaya shi ne gwani.

Sai maganar kaset.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi a yankinmu, ko noman firi ko maimai, shi ake kira. Kowane manomi da ya isa yana da takensa, kuma Baba ya san su duka. Idan ya ga hannun mutum ya fara sanyi sai ya matsa bayansa ya kaɗa takensa, ya kira sunan kakansa, sai ka ga ƙura ta tashi. Ina ƙarami ya ajiye ganga. Ya je Makka ya dawo, ya rataye ta a zaure, bai sake taɓa ta ba har ya rasu. Ni ban taɓa ganinsa a fagen gayya da wayona ba.

Inna ce ta fito da kaset ɗin daga ƙasan adakarta, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ranar da ta ji ni ina sauraron dob a tsakar gida. Ta ce wani malamin makaranta ne ya ɗauka da rikoda a gonar Sarkin Noma tun kafin a haife ni, kuma rabonta da jin sa tun da rediyon gidan ya daina cin kaset. Ta ce, "Tunda kai ne mai injin, ka fitar mini da muryarsa."

Na yi kwana uku ina neman rediyo mai lafiyayyen kai, na samu a wurin wani mai gyara a Gumel. Zaren ya tsinke a wuri ɗaya, na liƙe shi da salatif, na naɗe da biro. Na ja waya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta. Minti ashirin da 'yan kai ne suka fita. Akwai shuuu na tsohon kaset, akwai iska tana dukan rikoda, akwai ƙarar hauya da guɗar mata daga nesa. A tsakiyar wannan duka ga Baba, muryarsa ta fi yadda na san ta kaifi, yana kiran mutanen da yawancinsu yanzu suna maƙabarta.

Da ma a nan na tsaya. Amma hannuna ya saba, sai na yi masa irin aikin da nake yi wa waƙar biki. Kiɗan Baba ba ya tafiya a gudu ɗaya: yana farawa a hankali, yana zafi yayin da manoma ke zafi, ya sassauta idan an kai ƙarshen kunya. Kwamfuta kuwa layi take so madaidaici. Na yayyanka gangar na tilasta mata bin layin, na goge ƙarar iska da ta hauya, na sa wa muryar na'urar daidaita murya irin ta waƙoƙin fim, na ɗora fiyano da kiɗan amafiyano mai dukan ƙirji da ake yayi. Mako biyu na yi a kai. Na kai wa Inna bayan sallar isha'i, na sa mata a ƙaramar lasifika.

Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ba. Sannan ta ce, "Sannu da aiki. To ina shi?"

Ban yi barci ba. Wajen asuba na koma kan waƙoƙin yaron motar nan, na sa abin kunne, na saurare su da wani kunne daban. Sai na lura duk abin da Tubby ya cire, ya cire ne don a ji wani abu da ke ƙasa wanda da ba a ji. Ganga da bes, wato kiɗan nan mai kauri, ba ya taɓa tafiyarsu, a kansu komai ke zaune. Murya kuwa yana ɓoye ta ne har sai ka yi kewarta, sannan ya sako maka kalma biyu.

Na goge aikin mako biyu. Na dawo da kaset ɗin yadda yake, da iskarsa da hauyarsa. Na kashe layin kwamfuta, na bar gangar Baba ta zama ita ce agogo. Da yake komai a haɗe yake a zare ɗaya, na yi amfani da manhajar da ke raba murya da kiɗa; ba ta raba su tsaf ba, ganga na leƙowa ta cikin muryar, kuma na bar ta haka. Abu ɗaya kawai na ƙara, bes mai nauyi da na buga da hannu ina bin gangar, inda ta yi sauri in yi sauri. Sauran aikin duk janyewa ne. Inda Baba ya kira sunan manomi, sai in ɗauke komai, in bar sunan ya yi amsa-kuwwa sau uku ko huɗu ya nutse, hauyoyi su ci gaba su kaɗai, sannan ganga ta dawo. Ban tsara shi da linzamin kwamfuta ba. Na ari ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sauti, a wurin masu lasifikar wa'azi, na yi shi da yatsu, sau goma sha ɗaya, na zaɓi na tara.

Yanzu ina bin sababbin fitowar dob da kiɗan na'ura daga Ingila da Jamus a Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi na intanet, duk lokacin da data ta samu, kuma kunnena ya koyi rarrabewa. Akwai masu zuba amsa-kuwwa a kan komai kamar mai zuba yaji a abincin da bai ɗanɗana ba. Akwai kuma waɗanda za ka ji sun zauna da waƙar asali sun san ta kafin su taɓa ta. A can na gamu da aikin Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa a kaset a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Maƙwabcinmu ne, iyaka kawai ta raba mu, amma sai ta hannun wani kamfanin Amurka na san da shi. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na san akwai irin kaset ɗin Baba a adakoki da yawa daga nan har Haɗeja, zafi da ƙura suna cin su.

Na kai wa Inna na biyun da rana, tana tsince riɗi a faifai. Da aka zo inda Baba ya kira taken ƙaninta, kawuna da ya rasu shekarar da aka yi ambaliya, sunan ya yi ta dawowa yana nisa, sai hannunta ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ya ƙare ta ce in mayar daga farko. Sau uku muka ji.

Kuskurena shi ne na tura wa abokina guda ɗaya. Kafin Alhamis ta zagayo, na ji shi yana tashi a wayar wani ɗan acaɓa a tasha, washegari kuma a shagon mai shayi. Ranar Asabar bayan la'asar ƙaramin ɗan Baffa, yayan mahaifina, ya zo rumfa ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ko zauna ba. Ya ce, "Yaya, Baffa ya ce ka zo yanzu, ka taho da kaset ɗin. Liman ma yana can."

Na rufe rumfa, na sa kaset ɗin a aljihun gaba, na bi bayansa.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.