Abin da Na Koya a Bayan Dardumar Farisa

Lokacin da nake karatu a Iran na samu damar zama a shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin darduma a kasuwar Isfahan, ina taya shi naɗewa da warwarewa, shi kuwa yana koya mini yadda ake gane asalin kowacce. Bai taɓa barin in fara da kallon adon fuska ba. Sai in kifa darduma in sa yatsa a bayanta, domin a can ne ƙulli yake bayyana, kuma ƙulli ne ke faɗin inda aka saƙa ta.

Ƙullin iri biyu ne. Masaƙan Tabriz da Heriz, waɗanda yawancinsu Turkancin Azarbaijan suke yi, suna naɗa ulu a kan zaren tsaye biyu daidai wa daida, yayin da na Kashan da Kerman da Isfahan suke naɗa shi a kan ɗaya su zagaya ɗayan kawai, abin da ke ba su damar fitar da lanƙwasar reshe da fure cikin laushi. Adon Heriz yakan fito da kusurwoyi masu kaifi, na Kashan kuma ya riƙa malala.

Rini ya fi ɗaukar mini lokaci. Jan tsohuwar darduma daga saiwar wani tsiro ake samunsa, shuɗi daga baba, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, rawaya kuma sau da yawa daga ɓawon rumman. Da yake ba a rina ulu gaba ɗaya a tukunya ɗaya, sai ka ga launin fili ya ɗan sauya a tsakiyar saƙa, layi ya yi duhu, na gaba ya yi haske. Baƙo yakan ɗauka aibi ne, amma dillalai suna nemansa. Rinin kamfani, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1856, ya shiga Iran daga baya, kuma na farkonsa yana kodewa. Idan ka buɗa gashin darduma ka ga saman ulu ya koɗe sosai, gindinsa kuwa yana da launi mai kururuwa, to akwai alamar tambaya.

Tsarin da ya fi shahara, wato babban ado a tsakiya da rubu'insa a kowace kusurwa, ya bunƙasa ne a zamanin daular Safawiyya ta Iran, kuma yana kama da adon bangon littattafan lokacin. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, wato wajen 1539 zuwa 1540, tare da sunan Maƙsud Kashani. Irin waɗannan ba sa zuwa kasuwa. Mafi yawan abin da ake kira tsoho a shaguna daga ƙarshen ƙarni na 19 yake, lokacin da buƙatar Turai ta farfaɗo da sana'ar, har kamfanin Ziegler na Manchester ya kafa masaƙa a Sultanabad.

A ganina gyara na gaskiya bai rage darajar darduma kamar yadda wanki da sinadari yake yi, domin wasu suna dusashe sabuwa da gangan don ta yi kama da tsohuwa, ulun kuwa ya bushe ya riƙa karyewa. Tsohuwa ta ainihi ana naɗe ta ne, ba a ninkewa, a kuma riƙa fito da ita tana shan iska saboda asu.